Gurasar da Ba a Zubarwa

Litinin, 4 ga Maris

An shiga babban azumi. Fada Kuriyakos ya shafa mini toka a goshi, na dawo gida na tarar da ɗana Lijo a kan katanga inda na bar shi, shayinsa ya huce, har ƙuda ya faɗa ciki. Daga kan katangar nan ba a hangen komai sai rufin gidan maƙwabcinmu Pothen da gonar rogonsa. Tun Janairu yake kallon rufin nan.

Na ce, "Ɗan nan, rufin ya canja launi ne?" Ko juyowa bai yi ba.

Lokacin da yake ihu yana fasa mini kofuna na fi samun natsuwa. Ranar da aka ba da belin Pothen sai da ƙarti uku suka danne shi. Yanzu ya yi gum, kuma shirun nan nasa ne ke hana abinci wuce mini maƙogwaro.

Devasiya, mijina, azumina na farko ke nan ba ka nan. Babu mai tsokanata cewa na iya azumin nama da kifi, amma ban taɓa gwada azumin surutu ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, ko ya daina zagaya mini kai.

Aladun daji ne suka addabi rogon Pothen. Ya kewaye gonar da waya, kullum da yamma ya maƙala ta a turken lantarki, da asuba ya cire. Duk mun sani. Har ni na ci rogon. Ranar nan ta Nuwamba ya dawo daga biki a gajiye, barci ya kwashe shi. Mijina ya fita tsagar bishiyoyin roba da fitilarsa a goshi, ya yanke ta gefen gonar kamar yadda ya saba. Shi ke nan.

Ni na wanke shi. Ban bar kowa ya ga ƙafafunsa ba.

Ba baƙo ne ya yi mana wannan ba, abin da ke cina ke nan. Tun kafin a haifi Lijo muke maƙwabtaka. Pothen ne ya riƙe shi a coci ranar baftisma, shi ya raka shi filin jirgi da zai tafi Maskat aikin gyaran wuta. Yanzu yaron ya dawo jana'izar ubansa ya ƙi komawa, kamfaninsu sun yi ta kira har sun gaji.

In na zo wurin nan a addu'ar Ubangiji, inda muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in yi tari in tsallake. Ina tsoron kada Allah ya ɗauke ni a kan maganata.

Lahadi, 10 ga Maris

Fada ya yi wa'azi a kan annabi Iliya a bakin rafi, lokacin fari, hankaki na kawo masa gurasa safe da yamma. Ya ce mu lura, hankaka tsuntsu ne mai ƙazanta a Doka, mai cin mushe, amma shi Allah ya aika. Na ce a raina, to kurciyoyi sun ƙare ne a duniya?

Da aka tashi, Sosamma matar Pothen ta tare ni wajen da muke ajiye takalma. Ta rame, kayanta sun yi mata yawa. Ta ce, "Yaya Rahel, bana ni zan kawo muku gurasar Pesaha."

Gabana ya faɗi. Na manta shaf. Gidan da aka yi rashi ba ya dafa gurasar nan ta daren Alhamis kafin Ista a shekarar, maƙwabta ke kawowa. Shekarar da uwar Pothen ta rasu ni na kai musu, da zafinta, da tukunyar madarar kwakwa a ɗaya hannun.

Na ce, "Ki riƙe abinki." Ta ce, "Yaya, to wa zai kawo?" Na zura takalmi na wuce, ashe ma ƙafa ɗaya ba nawa ba ne.

Laraba, 13 ga Maris

Lijo ya tambaye ni wai da wane lokaci Pothen ke fita yankan ciyawa. Na ce ban sani ba. Na sani.

Talata, 19 ga Maris



Na shiga ɗakin hayaƙi in juya fallayen roba, sai na ga buhu a bayan itacen wuta. Waya ce sabuwa fil, naɗi guda, da wata doguwar gora an ɗaura mata ƙugiyar ƙarfe a kai. Irin ta Pothen sak, wadda 'yan sanda suka tafi da ita. Sai dai wannan ɗaurin ƙwararre ne.

Na zauna a ƙasa cikin hayaƙin nan ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Da na fito na ce masa, "Wayar mece ce waccan?" Ya ce, "Ta shanya ce, Mama." Na ce, "Shanya da ƙugiya? Wanki za ka rataya a sama wurin mala'iku?" Ya dube ni da idanun ubansa, ya ce, "Ki bar maganar nan."

Wa zan gaya wa? In na je wurin 'yan sanda, da hannuna na miƙa ɗana. In na gaya wa Fada, zai zo da lemarsa ya zauna ya yi nasiha, Lijo ya ce to, ya matsar da buhun wani wuri. In na jefa ta a rijiya, gobe ya hau babur zuwa garin Pala ya sayo wata.

Ya Yesu, ka karɓi miji, kada ka bari in rasa ɗa. Shi kaɗai gare ni.

Laraba, 20 ga Maris

Buhun ba ya ɗakin hayaƙi. Na duba ko'ina, har akurkin kaji.

Da yana cin abincin rana na zauna a gabansa, na ce, "Saurara. Daga gobe, duk safiya kafin Pothen ya fito, ni zan bi hanyar rafi. Daga ƙofarsa har inda yake yankan ciyawa. Ba takalmi."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Mama, kin haukace ne?"

"Na haukace. Duk abin da aka shimfiɗa a hanyar nan, ƙafar uwarka zai fara samu."

"Saboda shi? Mutumin da ya kashe Baba?"

Na ce, "Saboda shi? Allah ya kiyaye! In ya faɗa rijiya yau ba zan ba da aron guga ba. Saboda kai ne, sakarai."

Ya tashi ya wanke hannu, ya bar shinkafar a faranti.

Juma'a, 22 ga Maris

Na bi jiya, na bi yau.

Gari bai gama wayewa ba, ciyawa jiƙe da raɓa, kowane reshe da ya taɓa mini ƙafa sai in tsaya cak. Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsakanin ayabobin nan biyu, gab da turken lantarki, inda hanya ta matse. A nan nake rufe ido in taka.

Pothen ya fito da laujensa da igiya ya gan ni tsaye a bakin hanya. Ya yi tsuru-tsuru. Ina jin ya zaci zagi na kawo masa, har ya sunkuyar da kai yana jira. Na juya na kama hanya. Can na ji takunsa a bayana, nesa-nesa. Haka muka kai rafi. Na juyo na wuce shi, na tofar da yawu a gefe don kada ya ɗauka wani abu ne.

Ya tsufa. Wuyansa ya zama kamar na kaza. Ban ji tausayinsa ba, na dai gani.

Lahadi, 31 ga Maris

Tafin ƙafata duk ya tsage, ƙaya ta shige ni jiya. Lijo ya ga ina ɗingishi, ya kawo ruwan zafi da gishiri ya ajiye a gabana, ya koma katangarsa.

Ban je karɓar Kurbana, Jibin Ubangiji, ba yau ma. Na zauna a baya ina kallon mutane suna layi. An ce wanda ya ci da zuciya marar tsabta hukunci yake ci wa kansa. Ni kuwa na san abin da ke cikin tawa.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na kira wana Chakko a can garin Kannur, ko zai aiko da gurasar a mota. Ya ce, "Rahel, tafiyar yini guda? Kafin ta iso ta yi tsami. Ba ki da maƙwabta ne?" Dangin Devasiya duk cikin makoki suke kamar mu. Sauran gidajen da ke kan tudun nan ba Kirista ba ne.

Sai na ce to, ni zan dafa abata a ɓoye, in Sosamma ta zo in ce muna da ita. Na sauka kanti wurin tsohuwa Plamena in sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi, tunda ba a yin ta a tsoho. Na ɗauka, na ƙwanƙwasa, na miƙa kuɗi. Tsohuwar nan ta karɓe tukunyar daga hannuna ta mayar kan kanta.

"Bana ba ki da bukatarta, 'yata."

Na ce ta miya ce. Ta ce, "Ta miya a wannan makon, da sabon ludayi? Ni za ki yi wa wayo? Na binne miji da 'ya'ya biyu, kowane karo zama na yi aka kawo mini. Mai makoki ba ya ciyar da kansa. Je ki gida."

Na fito ina ƙunƙuni, kunya kamar ƙasa ta tsage. Abin da ban gaya mata ba shi ne, ba gurasar nake tsoro ba. Ƙafar da za ta hawo matakalar gidana da ita nake tsoro, Lijo yana zaune a wurin.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Na je ikirari, don ba a shiga Mako Mai Tsarki da kaya a kai.

Na faɗi ƙananan, gulma da zagin akuyar mutane. Fada ya ci gaba da jira, ya san da saura. Na ce, "Fada, akwai mutumin da nake so ya mutu." Ya ce, "Kina so ki daina so?" Na ce, "A'a." Ya ce, "To kina so a ce kina son dainawa?" Na ce, "Fada, kada ka juya mini kai, tsohuwa ce ni." Na ji yana danne dariya ta bayan labule.

Ya kawo zancen Bitrus, da ya janye ƙafarsa ya ce Ubangiji ba zai taɓa wanke masa ba. Ya ce, "Ke so kike ki wanke kanki tas, sannan ki zo. Ba a nan aka ce ki fara ba. Miƙa ƙafar kawai za ki yi, da dattinta." Ya ce in karanta zaburar nan ta Dawuda, ta a wanke ni in fi ƙanƙara fari.

Na karanta da rana. Ni ban taɓa ganin ƙanƙarar da suke faɗa ba. Farin da na sani shi ne na madarar roba da safe a cikin kofi, kuma na san yadda take komawa in ta kwana a hayaƙi.

Zancen waya ban faɗa ba. Ya zo har bakina na haɗiye.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Lahadin ganye. Na karɓo ganyen kwakwa mai albarka, na soke shi a bayan hoton Iyali Mai Tsarki. Da shi ake yin ɗan gicciyen da ake ɗorawa a kan gurasa. Bana sai dai ya bushe a wurin.

Fada ya aiko wai Lijo ya zauna cikin mutum goma sha biyun da za a wanke wa ƙafa ranar Alhamis, a gurbin ubansa. Na zaci zai ƙi. Ya ce to. Ban san ko in yi murna ba. Kwanan nan ya cika ladabi, ya gyara mini famfo, ya biya kuɗin wuta, ya nuna mini inda takardun gona suke. Mai shirin tafiya ne ke yin haka.

Laraba, 17 ga Afrilu

Tun rana nake jin ƙarar turmin Sosamma, tana daka shinkafa. Kowane bugu a ƙirjina yake sauka.

Alhamis, 18 ga Afrilu

A coci ban iya kallo ba. Da Fada ya durƙusa ya zuba ruwa a ƙafar Lijo, ƙafar Devasiya na gani, da baƙin layin nan na ƙunar waya a idon sawu. Na cusa fuska a mayafi. Matar da ke kusa da ni ta ce yaron ya zauna kamar gunki, har aka goge aka sumbata bai motsa ba. Pothen a waje ya tsaya, bakin taga, tun Nuwamba bai shiga ciki ba.

Da magariba na share gida, na kunna kyandir, na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, babu komai a kai. Lijo na zaune a matakala ta sama. Ina ta addu'a a raina, in dai dole ne a zo, to Sosamma ta zo.

Shi ya zo, Pothen.

Ya hawo a hankali, faranti rufe da ganyen ayaba a hannun dama, tukunyar madara mai tururi a hagu. Hannu biyu duk a cike, ko ƙuda ba zai iya korewa ba. Ya tsaya matakala biyu ƙasa da Lijo. 

Ya ce, "Lijo, ban zo neman gafara ba, ban isa ba. Amma gidan Devasiya ba zai kwana ba gurasar Pesaha ba."

Lijo ya miƙe tsaye. Bai karɓa ba, bai matsa ba. Tukunyar ta karkace a hannun tsohon, madara ta fallatso ta zubo masa a wuyan hannu, tafasasshiya, da mazarƙwaila a ciki. Na ga fatar ta yi ja. Bai saki tukunyar ba.

Ban san lokacin da na ratsa tsakaninsu na karɓe ba. Don in raba su ne kawai.

Sai ya dube ni, karon farko tun ranar. Ya ce, "Rahel, na san abin da ya sa kike tafiya a gabana. Ban cancanci ƙafarki ba. Gobe kada ki fito. Zan bi hanyar a lokacin da na saba." Ya faɗa ne da ƙarfi yadda Lijo zai ji. Ya juya ya sauka.

Na ajiye gurasar a tebur, da ɗan gicciyenta a tsakiya, na ajiye wuƙa a gefe. Namijin gida ne ke yankawa, ya tsoma a madara ya miƙa wa kowa, daga babba zuwa ƙarami. Na ce, "Zo ka yanka, kai ne maigida yanzu." Ya ce, "Ba zan ci abin hannunsa ba. Ki zuba wa kaji."

Ya san ba a yi. Ba a zubar da ita, ba a ba dabba, ko ruwan da aka wanke tukunyar sai an nemi wuri mai tsabta. Tana nan a kan tebur, na rufe ta. Ni ma ban ci ba.

Gobe zan riga kowa fita.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Lijo ya kulle ni.

Na tashi tun zakara bai yi cara ba, na je ƙofa, an saka sakata ta waje. Na ruga ta kicin, ita ma haka. Gadonsa babu kowa. Na doki ƙofa da kafaɗa, na doka da taɓarya, katakon da Devasiya ya zaɓa da kansa ne, ko gezau. Tagoginmu duk da sandunan ƙarfe.

Na kama ƙarfen tagar da ke kallon gangare. Gari ya fara haske. Sai ga Pothen ya fito, lauje a hannu, igiya a kafaɗa. Ya tsaya a bakin hanya inda na saba tsayawa, ya cire takalmansa ya jera su gefe. Ya yi alamar gicciye ya kama hanya.

Na yi ihu. Ban taɓa sanin ina da murya irin wannan ba. Na ga farar rigarsa tana shiga tsakanin ayabobi, daga nan ban ƙara ganin komai ba. Na ci gaba da ihu har muryata ta dushe, na zube a ƙasa ina jiran in ji kukan Sosamma.

Ban san tsawon lokacin ba. Na ji an zare sakata. Lijo ne, taɓo har gwiwa, hannu wayam. Ya wuce ni ya zauna a bakin tebur.  Na rarrafa na koma taga, sai ga ƙunshin ciyawa yana hawowa daga rafi, da siraran ƙafafun nan a ƙarƙashinsa.

Abin da ya faɗa mini guntu-guntu ne, yana kallon tebur. Ya ja wayar tsakanin ayabobin. Ya tsaya a gindin turke da gorar a hannu, ƙugiya saura kaɗan ta taɓa. Ya ga tsohon na zuwa ba takalmi, ya ga ya hango wayar sarai, bai rage tafiya ba. "Mama, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na ce masa ɗagu, ya ƙi." Pothen ya taka, wayar ta harɗe shi ya faɗi rub da ciki a taɓo, ya kwanta a wurin yana jira. Da ya ga shiru, ya tashi zaune, ya juya wajen turken ya ce, "Lijo, je ka buɗe wa uwarka ƙofa, za ta kashe kanta da ihu."

Na ce, "Har can ake ji na?"

Ya ce, "Har rafi. Kuma ba sunana kike kira ba."

"To sunan wa?"

"Cewa kike, Ubangiji ka tsare Pothen, Ubangiji ka tsare Pothen."

Na ce ƙarya ne, kunnensa ne. Ni ban tuna na faɗi haka ba. In ma na faɗa, ai saboda shi ne.

 Ya jawo farantin ya buɗe, ya cire ɗan gicciyen ya sumbata kamar yadda ubansa ke yi. Ya ɗauki wuƙar ya yanka, yankan duk ya karkace. Ya tsoma a madarar da ta yi sanyi ta kama, ya miƙo mini da hannu biyu. "Mama, karɓi." Na karɓa. Ya yanki nasa ya sa a baki, sai ya kifa kai a kan farin ƙyallen nan ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Na riƙe kansa, taɓo duk ya ɓata mini riga.

Mun makara zuwa Hanyar Gicciye. Ruwan ɗacin da ake ba mutane a ƙarshe, bana ban ji ɗacinsa sosai ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Gurasar nan Sosamma ta yi ta kamar za a ciyar da gidan biki. Mu biyu, safe da rana da yamma, sai yau muka ga bayanta.

Talata, 23 ga Afrilu

Ista ta wuce. Na karɓi Kurbana, ban mutu ba.

Lijo ya kira mutanen Maskat, sun ce za su duba. Yana barci da yawa. Har yanzu in ya fita sai na leƙa in ga inda ya nufa, ban san ranar da zan daina ba. Shari'a kuma tana nan a watan gobe, za a kira ni, ban san abin da zan ce ba.

Faranti da tukunyar mutane sun yi kwanaki a kicin ɗina suna tare mini wuri, shi ya sa na kai. Na so in ajiye a bakin ƙofa in juyo, sai Sosamma ta fito. Muka tsaya kamar baƙi. Don kada shirun ya yi yawa na ce, "Tafarnuwarki ta yi yawa. Kullum sai na gaya miki." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta kama hannuna ta ƙi saki. Na tsaya har ta gama, ba yadda zan yi.

Pothen yana bayan garken saniya, bai fito ba, amma na hango hannun an naɗe shi da wani ƙazamin tsumma. Na ce wa Sosamma, da ƙarfi, "Ki gaya wa mutumin can ya kwance tsumman nan, ruɓewa zai yi. Akwai man ƙuna a wurina, ki aiko a karɓa."

Ban ce na yafe ba. Babu wanda ya tambaye ni ma.

Ta ce in zauna in sha shayi. Shi ma sukarinsa ya yi yawa. Na shanye.